Gidan kallon da na kai Kawu ya ga damben Itauma da Whyte

Ni ba mai yawan zuwa gidan kallo ba ne. Ɗinki nake yi a Jekadafari, kuma wanda ya wuni a kan keke, in dare ya yi shimfiɗa yake nema. Ƙwallo ba ta dame ni ba. Dambe ne abina, kuma gadonsa na yi, don gidanmu gidan fawa ne. Kawuna, ƙanen mahaifiyarmu, ya ɗaura zare shekara da shekaru a zamaninsa, yana bin ƙauyuka da kaka daga nan Gombe har wajen Dukku da Nafada. Shi ya sa da ɗan yayana ya zo shago ya ce akwai wani gidan kallo a Tudun Wada da aka rubuta a allon ƙofarsa za a nuna damben Moses Itauma da Dillian Whyte ranar Asabar 16 ga Agusta, 2025, ban yi dogon tunani ba. Na ce za mu je, kuma da Kawu za mu tafi.

Ba zan kama sunan gidan ba, tunda akwai inda zan yi ƙorafi, kuma na riga na faɗa wa mai shi ido da ido.

Abin da ya ja ni shi ne irin haɗin da aka yi. Itauma yaro ne ɗan shekara 20 a lokacin, bahago, mahaifinsa ɗan Najeriya, mahaifiyarsa 'yar Sulobakiya, a can aka haife shi amma a Ingila ya tashi. Kafin wannan dare ya yi dambe 12 bai taɓa faɗuwa ba, goma daga ciki kuma kisa ya yi tun kafin lokaci ya cika. Whyte kuwa shekararsa 37 a lokacin, haifaffen Jamaika mazaunin Landan, kuma manya da yawa a ajin masu nauyi na Ingila sun shaƙi warin safar hannunsa. Ya kara da Anthony Joshua a 2015, har ya girgiza shi a turmi na 2 kafin Joshua ya gama da shi a na 7. Ya buge Derek Chisora sau biyu, ya ci Joseph Parker a 2018, ya je Wembley ya nemi kambun duniya a hannun Tyson Fury a 2022. A damben gargajiya wannan shi ne abin da ake cika fili dominsa: yaro mai tashe ya sa wa babba zare.

Mun isa bayan magariba, hadari ya haɗo ta gabas. Ƙwallo naira 300 ake biya, dambe kuma 500, saboda a cewar mai gidan sai ya raba dare inji yana aiki. Ban ga tsada a ciki ba, wanda ya san abin da lita ɗaya ta fetur take ci yanzu ba zai yi gardama ba. Rumfa ce ta kwano mai ɗan tsawo, bango na bulo zuwa ƙirji, sama kuma a buɗe don iska ta shiga. Talabijin uku ne a gaba, babba a tsakiya, ƙanana biyu a gefe. Benci ne a baya, kujerun roba a layi uku na gaba. A ƙofa akwai yaro mai gadin babura yana ba da lamba, da mai shayi, da mai tsire a ɗan nesa kaɗan.

Abu na farko da ya sa gidan ya shiga raina, yadda aka karɓi Kawu. Mutumin ya haura shekara 70, gwiwa ta fara ba shi wahala, ido ma ba kamar da ba. Mai gidan, wanda ba zai wuce shekara 35 ba, yana ganinsa ya taso daga kan teburinsa, ya rusuna ya gaishe shi, ya ce, "Baba, ku zo nan gaba, benci ba zai yi muku ba." Da kansa ya tashi wani saurayi daga kujerar da ke ƙarƙashin fanka, cikin lalama, saurayin kuma ya tashi ba tare da ɓata fuska ba. Na miƙa kuɗin mutum uku ya mayar mini da na ɗaya. Na matsa, ya ce ba ya karɓar kuɗin dattijo. Na shiga wurare da yawa a garin nan inda tsoho zai tsaya a tsaye yara suna zaune suna danna waya, don haka wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina.

Ranar ta zo daidai da makon farko na gasar Firimiya. Muna shiga Manchester City tana ƙarasa lallasa Wolves 4 da nema, Barcelona kuma tana can Mallorca tana wasa. To ga dambe an riga an fara tun da yamma a Riyad, ƙananan wasannin da ake yi kafin babban. Nan aka ɗan yi ka-ce-na-ce a kan babbar talabijin. 'Yan Barcelona sun fi mu yawa nesa ba kusa ba, mu masu dambe a lokacin ba mu kai ashirin ba. Mai gidan ya raba gardamar da adalci: ƙwallo ta riƙe babbar har a tashi, mu mu yi haƙuri da ta gefen dama, daga nan kuma duka ukun na dambe ne. Haka kuwa aka yi. Illar kawai, lasifika ɗaya ce, kuma ƙwallo aka ba wa, sai muka kalli kusan awa ɗaya da rabi na dambe babu sauti. Da aka kira isha'i ya rage murya, akwai butoci da tabarmi a gefen rumfar, muka yi salla muka dawo kowa ya tarar da kujerarsa.

Wajen ƙarfe takwas da rabi ruwa ya sauko, wuta kuma ta ɗauke. Ko ƙiftawa talabijin ba su yi ba. Ashe yana da batura da sola, su ke riƙe kayan har yaronsa ya je ya tayar da inji. Wannan shi ne abin da ya fi komai muhimmanci a gidan da zai nuna dambe. A ƙwallo in hoto ya ɗauke na minti biyu, saura minti 88 a gabanka. A damben masu nauyi, minti biyu na iya zama shi ne duk abin da ka biya kuɗi ka gani. Sai dai ruwan ya tona asirin rufin: yana yoyo a wuri biyu ta baya, mutanen benci suka dinga matsowa, kuma ƙarar ruwa a kan kwano ta cinye muryar masu sharhi gaba ɗaya.

Ba mu yi asarar komai ba, don sharhin da ya fi nasu yana zaune a kusa da ni.

Tun a hanya Kawu da ɗan yayana suke musu. Jika ne da kaka, ba sa raga wa juna. Yaron yana da hotunan Itauma cike da waya, ya nuna wa Kawu yadda ya kwantar da Demsey McKean a turmin farko a Disambar 2024, da yadda ya gama da Mike Balogun a turmi na 2 a watan Mayu. Ya ce, "Kaka, karen bana shi ke maganin zomon bana. Wannan yaron hannunsa ya fi ido sauri." Kawu ya karɓi wayar ya kawo ta kusa da fuska, ya kalla har sau biyu, ya mayar. Ya ce hannu kam akwai shi, babu musu. Amma a nuna masa inda aka naushi yaron ya ji a jikinsa, ya ga abin da ya yi bayan nan. Babu. A nuna masa inda ya gaji. Babu, don bai taɓa wuce turmi 6 ba a rayuwarsa ta damben kuɗi. Kawu ya ce to ai ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Daga nan ya shiga yi mana bayanin yadda babba yake cin yaro, kuma samarin da ke layinmu suka juyo da kujerunsu. Ya ce babba ba ya gasar sauri da yaro, wanda ya yi haka ya kashe kansa. Abin da yake yi, ya ɓata wa yaro lokaci. Yaro yana shiga fili da wuta a ciki, makaɗa sun zuga shi, yana so ya yi kisa tun mutane ba su gama zama ba. Babba sai ya bar shi ya yi ta zubar da ƙarfi a iska da kan kafaɗa. In ya matso ya riƙe shi, ya ɗora masa nauyi, ya sa shi ɗaukar mutum biyu a kan ƙafa biyu. Yana yi yana karanta shi: ta ina yake sauke hannu in ya kai naushi, wace ƙafa yake fara ɗagawa, yaushe yake buɗe baki yana neman iska. Ya ce a namu damben turmi uku ne kawai, kuma da hannu ko gwiwa ta taɓa ƙasa an yi kisa, don haka babba ba shi da lokaci mai yawa na wannan karatu. A na Turawa kuwa, da ake ba ka turmi goma ko sha biyu na minti uku-uku, har in ka faɗi a ƙirga maka ka tashi, ai tsoho an shimfiɗa masa tabarma.

Ni na kawo masa shaida daga abin da na kalla da idona. A Nuwambar 2020 Daniel Dubois yana ɗan shekara 23, kowa na cewa shi ne mai jiran gado, aka haɗa shi da Joe Joyce mai shekara 35, wanda ya daɗe yana damben ƙasa har ya ci azurfa a Olamfik ta 2016. Joyce bai yi wani abin burgewa ba. Naushin hannun gaba kawai ya dinga sakar masa a ido ɗaya, turmi bayan turmi, har idon hagu ya rufe, ƙashin gurbin idon ya tsage, a turmi na 10 Dubois ya durƙusa da kansa aka ƙirga shi. Haka Floyd Mayweather yana da shekara 36 ya koya wa Canelo Alvarez mai 23 karatu a 2013, turmi 12 yaron yana dukan iska. Namu Samuel Peter ma, da ya ci kambun duniya na hukumar dambe ta WBC a Maris 2008, watanni bakwai kawai ya riƙe shi, Vitali Klitschko ya dawo daga hutun kusan shekara huɗu ya karɓe. Shi kuma George Foreman yana da shekara 45 ya kwantar da Michael Moorer a 1994 bayan an yi ta cinsa da maki har turmi tara.

Yaron bai yarda ba. Ya ce, "Baffa, to Mike Tyson fa? Shekararsa 20 ya ƙwace kambu a hannun Trevor Berbick a 1986, turmi biyu kacal. Joshua fa da Wladimir Klitschko?" Na ce wannan na ƙarshen ai hujjar Kawu ce. Gaskiya ne Joshua mai shekara 27 ya ci Klitschko mai 41 a Wembley a 2017. Amma ya kayar da tsohon a turmi na 5, ya zubar da duk ƙarfinsa wajen neman ƙarasa shi, a na 6 tsohon ya shimfiɗa shi a ƙasa. Abin da ya sa muka yarda da Joshua a daren nan shi ne ya tashi, ya lallaɓa ya huta a tsaye, ya dawo ya gama aikin a turmi na 11. An tambaye shi, ya ba da amsa.

Kamar don a gaskata Kawu, sai ga damben Filip Hrgović ɗan Kuroshiya da David Adeleye, wani ɗan asalin Najeriya da ke Landan. Hrgović ya girme shi, ya kuma fi shi ganin manyan fage. Gira ta fashe masa tun da wuri, jini yana zuba, amma bai rikice ba. A turmi na 8 ya kayar da Adeleye, Adeleye ya tashi ya rufe shi da duka har rumfar ta miƙe tsaye ana ihu, mai shayi ma ya bar tukunyarsa ya leƙo. Hrgović ya jure, ya riƙe, ya ƙarasa turmi goma ya ci da maki. Kawu ya dafa gwiwar jikansa ya ce, "Ka gani? Wannan shi ne abin da nake gaya maka." A wurina wannan damben shi kaɗai ya biya naira 500.

A lokacin ruwa ya tsagaita, sauti ya dawo, mutane sun ƙaru har ana tsayuwa a baya. Hoto ya ɗan tsaya sau biyu lokacin damben Nick Ball da Sam Goodman, don ta intanet ake jawo shi, amma mai gidan yana da layi na biyu a ajiye, cikin 'yan daƙiƙu ya sauya. Bayan ƙarfe goma aka kira manyan.

Whyte yana tahowa Kawu ya yi shiru. An ce ya rage jiki sosai, kuma da gani ya rage. Amma Kawu ba cikinsa yake kallo ba. Ana buga ƙararrawa, bai fi rabin minti ba, ya sunkuyo ya ce mini a kunne, "Wannan ba shi da ƙafa." Na tambaye shi me ya gani, ya ce in yaron ya motsa, tsohon sai ya ja ƙafa biyu kafin ya juyo. Itauma bai yi gaggawa ba, ya taɓa sama, ya taɓa ciki, Whyte ya fara ja da baya zuwa igiya.

A nan ne abin da ya ɓata mini dare ya faru. Muna kallo, yaron ya fara matsa shi, kowa ya riƙe numfashi, sai wani daga benci na baya ya daka tsawa, "An gama! An gama! Itauma ya kashe shi!" Ashe hoton da muke gani yana baya da abin da ake yi a Riyad da kusan minti ɗaya, shi kuma mai ihun yana bin sakamako a waya saboda cacar da ya buga. Damben duka minti 1 da daƙiƙa 59 aka yi. Rabinsa mun kalle shi mun riga mun san ƙarshe. Mun ga Itauma ya tare shi a lungu, ya zuba masa ruwan naushi, ya kawo na dama ta gefe, Whyte ya kife. Ya miƙe kafin a gama ƙirga, amma ƙafafun suna rawa, alƙalin wasa ya raba. Rumfar ta yi ihu, amma ihun wanda aka riga aka ba shi labari ne. Awa uku da rabi na zauna don wannan minti biyun, na ɗauko dattijo cikin hadari dominsa. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma har yanzu in na tuna sai na ji zafi.

Jinkirin hoto ba laifin mai gidan ba ne kai tsaye, duk mai jawo wasa ta intanet yana fama da shi. Laifinsa shi ne ya san da jinkirin bai yi gargaɗi ba. Mutumin da ya iya hana shan sigari a rumfarsa, ya iya raba 'yan Barcelona da masu dambe, zai iya tsayawa a gaba kafin babban wasa ya ce kowa ya sa wayarsa a aljihu, wanda ya faɗi sakamako a fitar da shi. Na gaya masa haka bayan an watse. Bai kare kansa ba. Ya ce, "Yaya, gaskiyarku ce, ban kawo abin a raina ba."

Ya kuma yi wani abin da ya rage mini zafi. Da mutane suka fara gunagunin an ci kuɗinsu a minti biyu, sai ya mayar da damben baya ya sake sakawa har sau uku, na ukun yana tsayar da hoto duk inda Kawu ya ɗaga hannu. Sai ga tsoho a gaban talabijin da sandarsa yana nuna wa samari kusan talatin inda aka ci Whyte: ga inda naushin ciki ya sa ya sauke gwiwar hannu, ga inda ya nemi ya riƙe yaron ya kama iska don yaron ya riga ya zame gefe, ga inda ya jingina da igiya maimakon ya zagaya. Jikan ya ce, "Kaka, ka yarda yanzu?" Kawu ya ce ya yarda yaron ɗan dambe ne na gaske, irin wanda ba a samu kowace shekara, kuma abin da ya fi burge shi ba ƙarfin ba ne, natsuwar ce, don ya ga jini bai haukace ba. Amma ya ce yau suna aka buge, mai sunan ya riga ya tafi.

Ina tare da shi a kan wannan. Gogewa tana aiki ne in akwai jikin da zai ɗauke ta. Duk dabarun da Kawu ya lissafa, riƙo da ɗora nauyi da jan yaro zuwa ƙarshen dambe, sai da ƙafa da haɓa ake yinsu. Whyte ya sha mugun kisa a hannun Alexander Povetkin a 2020, ya sha wani a hannun Fury a 2022, kuma damben da ya yi da Ebenezer Tetteh ɗan Ghana a Disambar 2024, ko da yake shi ya ci, duk wanda ya kalla ya ga yana shan naushin da a da ba zai same shi ba. Masu shirya wa yaro dambe sun san wannan, aikinsu ke nan, su nemo babba a lokacin da sunansa ya fi ƙafarsa nauyi. Ban ga laifinsu ba, haka ake gina ɗan dambe ko a fagenmu. Sai dai tambayar Kawu tana nan inda take: ranar da Itauma zai haɗu da babban da zai shanye turmi huɗu na farko yana tsaye, ya kai shi na takwas da na tara, me zai yi? Ina kyautata masa zato, don yaron da ke da natsuwa irin wannan a shekara 20 ba kasafai yake rikicewa ba. Amma ina so in gani.

Sauran ƙananan abubuwa: bayan gidan wurin ba shi da kyau, babu fitila, ruwan sama ya mayar da hanyarsa caɓi, Kawu bai iya shiga ba. Sauro akwai shi da yawa a ƙarƙashin kujeru, wanda zai je ya sa safa. Fanka biyu ba su isa rumfar ba, da bazara ce da an sha wuya. Shayin ƙofa mai kyau ne, tsiren ya yi sanyi kafin tara. Babura kuwa babu wanda ya yi kukan an taɓa masa nasa. Mace ko ɗaya ban gani ba, kuma yadda aka tsara wurin ba a yi shi don iyali ba.

Duk da haka, wanda yake son damben boksin a Gombe, ya gaji da leƙen ƙaramin hoto a waya yana kallon data tana ƙonewa, wannan gidan ya cancanci kuɗinsa. Wuta ba ta yanke mana ba, an girmama dattijo, an ba dambe talabijin uku a daren da ƙwallo ke da kasuwa.

Mun fito sha ɗaya ta wuce, titi ya yi tsit, babu Keke Napep ko ɗaya. Mai gidan ya sa yaronsa ya ɗauko babur ya kai Kawu har ƙofar gida a Bolari, ni da ɗan yayana muka bi su a baya a kan nawa. Ranar Laraba na bi ta gaban wurin zan je sayen zare da maɓallai, na ga an ƙara layi ɗaya da alli a ƙasan allon wasanni: ranar dambe, ba a faɗin sakamako daga waya. Kawu ya ce duk ranar da aka haɗa yaron da mai ƙafa, in je in ɗauko shi.